Basma, Tagat da Yankan Albashi: Wasiƙun Ma'aikatanmu na Saudiyya

Wasiƙun wannan fitowa daga Jidda da Makka da Riyad suka zo, kuma kusan kuka ɗaya suke yi: an sa na'ura tsakanin ma'aikaci da mai gida, in aka cuce shi sai a ce na'ura ce. Mun cire sunayen masu tambaya da na wuraren aikinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aikin lodi a wani sito a Kumra, kudancin Jidda. Albashina riyal 1,800, asalinsa 1,500, sauran 300 kuɗin abinci ne. Muna buga basma, wato ɗora yatsa a na'urar shiga aiki, bakwai na safe. Ƙarfe huɗu mushrif, mai kula da mu, ya ce mu je mu buga ta fita, mu dawo mu ci gaba har bakwai na yamma. Watan jiya an yanke mini 450, wai makara da rashin basma. Da na yi magana mudir, wato manaja, ya ce ba shi ba ne, sistam ne. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sistam ba ya yanke wa kowa ko sisi. Na'urar basma abu uku take ajiyewa: lambarka, rana, da mintin da ka ɗora yatsa. Mutum ne ya zauna a ofis ya saita cewa makarar minti goma a lissafa ta rabin awa, ko ranar da aka ga shiga ba a ga fita ba a ɗauke ta ranar fashi. Wanda ya saita yana da ikon gyarawa, kuma sa hannun mutum ne ke kan takardar albashi.

Mu fara da abin da ke sa basma ta ƙi mutum alhali ya zo. Na'urar tana karanta zanen fatar yatsa ne, shi kuwa kwali yana goge zanen, haka siminti da kilorin da sabulun wanke-wanke. Yatsa mai gumi ko wanda ya bushe ya tsage, shi ma takan ƙi shi. Agogonta yakan yi gaba da minti uku ko biyar ba wanda ya kula, kuma in mutum arba'in suka sauko daga bas ɗaya, na ƙarshen layi ya makara ko da tare suka iso. Don haka ka nemi a yi maka rajistar yatsu uku, daga hannu biyu. Duk ranar da ta ƙi ka, ɗauki hoton fuskarta da agogon a jiki, ka tura wa mushrif ta WhatsApp nan take: "Na iso 6:52, basma ta ƙi." Wannan saƙon ya fi rantsuwarka ta ƙarshen wata ƙarfi.

Yankan kuma iri biyu ne, kada ka bari a cakuɗa maka su. Akwai cire kuɗin lokacin da ba ka yi aiki ba, akwai tara ta ladabtarwa. Ita tara, dokar ƙwadago ta Saudiyya ta 2005 ta ɗaure ta tamau. Sashe na 70 ya ce laifi ɗaya ba a ci masa tarar da ta wuce albashin kwana biyar, ba a yi masa hukunci biyu, kuma a wata guda ba a cire fiye da albashin kwana biyar da sunan tara. Kai kwananka riyal 60 ne, kwana biyar 300 ke nan. Sashe na 71 ya ce sai an sanar da kai laifin a rubuce, an ji ta bakinka, an rubuta, in ban da ƙaramin laifi da hukuncinsa bai wuce gargaɗi ko albashin yini ɗaya ba, wanda ake iya tambayarka da baki amma duk da haka a rubuta. Laifin da aka gano ya haura kwana 30 ba a tuhume ka ba, ya wuce. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kuɗin tara ba na aljihun kamfani ba ne: doka ta ce a rubuta shi a rajista ta musamman a kashe shi kan amfanin ma'aikata. Ka je ofis da ladabi ka nemi a fayyace maka 450 ɗin nan rana rana, ka kuma nemi ganin la'ihar kamfani, wato takardar ƙa'idojin aiki da hukunce-hukunce, domin wajibi ne a kafe ta inda kowa zai gani.

Amma babbar asararka ba 450 ba ce. Awa uku ce ta kullum da ake ɓatarwa daga lissafi. Aikin doka awa takwas ne a yini ko 48 a mako, a Ramadan kuwa Musulmi awa shida ko 36 a mako. Abin da ya ƙaru izafi ne, kuma sashe na 107 ya ce awar izafi ana biyan kuɗin awa cikakke a ƙara rabin kuɗin awar asalin albashi. Ga lissafinka: 1,800 a raba kwana 30 a raba awa 8, riyal 7.5. Asalin 1,500 yana ba da 6.25, rabinsa 3.125. Awarka ta izafi riyal 10.6 ke nan da 'yan kai. Awa uku sau kwana 26 awa 78, kusan riyal 829 a wata. A shekara ya doshi dubu goma. Shi ya sa ake tura ku buga fita ƙarfe huɗu.

To ta yaya za ka tabbatar, tunda basma ta ce ka tafi? Na'urorin da suke gadinka su ne shaidunka. In kana riƙe da sikana mai lambarka, duk kwalin da ka haska bayan huɗu yana rubuce da mintinsa. Takardun fitar da kaya suna da lokaci, mai gadin ƙofa yana da littafi, bas ɗin kamfani yana da lokacin tashi. Kai kuma ka sayi ƙaramin littafi, kullum ka rubuta rana, shiga, fitar gaskiya, da wanda ya ce a tsaya. Ka kunna tarihin wurare na Google Maps a wayarka. Ba a fafe gora ranar tafiya, yau za ka fara. In kuma lodin a fili ake yinsa, ka sani daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikaci aiki a cikin rana daga sha biyu zuwa uku.

TAMBAYA: Ni mushrif ne na masu gyaran ɗakuna a wani otal a Makka, ƙarƙashin kamfanin da ya karɓi kwangila. Mutum 14 ke hannuna, tara Hausawa ne. An kawo manhaja, kowane ɗaki sai an buɗe shi a waya an rufe. Da ɗaki 14 kowa ke yi, yanzu tagat, wato adadin da aka ɗora wa kowa, 20 ne. Mutanena sun daina gaishe ni, suna ce mini ɗan kore. Mudir ya ce in ban cika ba a sauya ni.

AMSA: Malam, gaba kura baya sayaki ke nan, kuma kujerar da kake kai don haka aka yi ta: na sama ya matsa, fushin na ƙasa ya tsaya a kanka. Gara ka fahimci tushen abin. Otal yana biyan kamfaninku bisa kwangila, kamfani yana biyan mutanenka albashin wata wanda ba ya motsi. Duk ɗakin da aka ƙara wa mutum ɗaya ragin ma'aikaci ne, ragin ma'aikaci kuma riba ce. Ko mudir ɗinka waliyyi ne lissafin haka yake tura shi.

Dabarar ta girmi wayar hannu. Wani injiniya a Amurka, Frederick Taylor, shi ya yi suna da tsayawa kan ma'aikata da agogo a hannu a ƙarshen ƙarni na 19. A bayaninsa na 1911 ya ce a kamfanin ƙarfe na Bethlehem ya mayar da lodin mutum ɗaya daga tan 12 da rabi a yini zuwa tan 47, lada kuma daga dala 1.15 zuwa 1.85. Dubi ratar: aiki ya ninka kusan huɗu, lada ya ƙaru da kashi sittin cikin ɗari. Abin da ya fi ba shi muhimmanci shi ne a ƙwace sanin aiki daga kan ma'aikaci a mayar da shi ofis, ta yadda ma'aikaci ba zai ƙara cewa "wannan ba ya yiwuwa a minti ashirin" a saurare shi ba. Manhajarku agogon Taylor ce da ba ta gajiya. Da Henry Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a 1913, ma'aikata suka riƙa gudu saboda tsananin, dole a 1914 ya ɗaga lada zuwa dala biyar a yini. Ikon ajiye aiki shi ne birkin. Baƙon da igamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke ɗaure da kamfani, ga bashin eja a gida, birkinsa ba ya ci sosai, shi ya sa tagat ke hawa ba tsayawa.

Yanzu lissafi. Awa takwas minti 480 ne. Cire taron safe, loda keken zannuwa, jiran lif, wanda a otal ɗin da ke kusa da Harami bayan an idar da salla kan ci minti goma, da kai ƙazantattun zannuwa ƙasa. In ka cire minti 70, saura 410. A raba ɗaki 20, minti ashirin da rabi. Ɗakin da baƙo ke ciki har yanzu yana iya yiwuwa a haka. Ɗakin da alhazai huɗu suka bari, gado huɗu a sauya, banɗaki ya jiƙe sharkaf, ga tire na abinci a ƙasa, ba ya yiwuwa. Manhaja kuwa duk ɗaki ɗaya take ganinsu.

Ga tarkon da ya kamata ka nuna wa mutanenka yau: idan mutum ya ji tsoron jan launin da ke nuna ya makara a waya, sai ya danna "an gama" tun yana goge madubi. Ofis ya duba ya ga matsakaicin ɗaki minti 17, ya ce ashe akwai sarari, ya ƙara tagat. Da hannunsu suke ƙara wa kansu. Su rufe ɗaki lokacin da suka gama da gaske. Sauran ɓarnar gaggawa ka san ta: tsumma ɗaya a banɗaki da kan tebur, a fesa magani a goge nan take bai zauna ya kashe ƙwayoyin cuta ba, ciwon baya daga ɗaga katifa, ƙorafin baƙi.

Mudir ba ya jin "mutane sun gaji", amma yana jin lamba. Yi mako guda kana rubuta mintin kowane ɗaki, ka ware na fita da na zama, ka ƙirga ɗakunan da aka dawo da su don a sake gyarawa da kwanakin da aka yi fashi saboda ciwo. Ka kai masa shawarar maki: ɗakin zama maki ɗaya, na fita mai gado huɗu maki biyu, tagat ya zama na maki. A tsakanin mutanenka kuma ka riƙa juya hawa mai wuya, kada ka ware Hausawa da sauƙi ko da tsanani, ɗan Bangaladash da ɗan Kano ma'auni ɗaya. Ka gaya musu ƙarara abin da manhajar ke gani da abin da ba ta gani. Kuma kada ka sa hannu a takardar tara a kan abin da ka san ba laifin mutum ba ne, domin ranar da magana ta kai ofishin ƙwadago sunanka ne a ƙasa.

TAMBAYA: Ina kai abinci a Riyad ta wani kamfanin jigila. An rufe mini akawun kwana tara, ba a faɗi dalili ba, kamfani ya ce babu aiki babu albashi.

AMSA: Ƙanenmu, kana da iyayen gida biyu, manhaja tana ba ka umarni, kamfanin jigila yana biyanka. Tun 2024 hukumar sufuri ta Saudiyya ta tsara cewa baƙo ya yi wannan aiki ta hannun kamfanin jigila mai lasisi, tare da tantance fuska a manhaja. Don haka haƙƙinka yana wuyan kamfanin da sunansa ke kan kwantiraginka a Qiwa, shafin hukuma na kwantiragin ma'aikata. Buɗe ka karanta. In albashin wata aka rubuta, sashe na 62 ya ce ma'aikacin da ya zo a shirye, aka hana shi aiki da dalilin da ya fito daga ɓangaren mai aiki, yana da ladansa. Kullum ka tura saƙo a rubuce cewa kana nan a shirye, ka nemi dalilin rufewar a rubuce.

Abin da ya fi jawo rufewa: fuska ta saɓa saboda an ba wani aron akawun, amfani da manhajar da ke ƙaryar wuri, yawan ƙin oda, da danna "an kai" nesa da inda mai saye ya sa alama. Wani lokaci kuma waya ce: in ka kunna tanadin batir tana yanke bibiyar wuri, sai a ga kamar ka ɓace da abinci. Kashe shi lokacin aiki. In gidan abinci ya jinkirta, ɗauki hoton allon wayar da lokaci kafin ka tafi. Kada agogon manhaja ya sa ka take gudu, tarar kyamarar kan titi ta Sahir guda ɗaya tana iya cinye aikin yini da yini.

TAMBAYA: Ina aiki a shagon gyaran gashi na mata a Jidda. Uwar ɗakina ta sa kyamara har inda muke canza kaya, kuma tana karɓar wayoyinmu ta duba. Ƙanwata kuma aikatau take a gida, ko dokarmu ɗaya ce?

AMSA: Hajiya, dokar kyamarorin tsaro ta 2022 ta hana sa kyamara a banɗaki da wurin canza kaya da cikin shagunan kwalliya na mata. Ki kira 19911, layin ma'aikatar ƙwadago, ki kuma kai rahoto ga 'yan sanda. Ana iya cewa ki ajiye waya lokacin aiki, amma buɗe saƙonninki shiga sirri ne. Ke ma ki kiyaye: kada ki ɗauki bidiyonta ki sa a TikTok, dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 kan ɓata suna ko keta sirri da kyamarar waya. Ƙanwarki tsarinta daban ne, na ma'aikatan gida, ƙorafinta ta hannun ma'aikatar ƙwadago ake shigarwa, kuma ita ma tana da hutun yini guda a mako.

TAMBAYA: Mu 30 ne a kamfanin gini, wata uku ba albashi. Wasu sun ce mu zauna a masauki kowa ya ƙi fita. Mudir ya ce wanda ya ƙi fita zai buga masa hurub, wato rahoton cewa ya gudu daga aiki. Fasfo ɗinmu yana hannunsa.

AMSA: 'Yan'uwa, Allah ya kawo mafita. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, naku kuwa ya bushe sau casa'in. Kuna da gaskiya, amma kada ku zauna a masauki. A Saudiyya babu ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta, yajin aiki kuma an hana shi tun bayan na ma'aikatan Aramco na 1953 da 1956. Kwamitin ma'aikata da aka yarda da shi a manyan kamfanoni na 'yan ƙasa ne. In kuka ƙi fita, kun ba shi wuƙa: sashe na 80 ya ba shi damar korar wanda ya yi fashin fiye da kwana 15 a jere ko fiye da 30 a warwatse cikin shekara ba tare da kuɗin sallama ba, bayan ya yi gargaɗi a rubuce. Masu guduwa su nemi aiki a ɓoye kuma sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago, ƙarshensu tarhil, wato a tasa ƙeyarsu gida.

Haɗin kanku ku kai shi kan takarda. Kowa ya ciro bayanin asusunsa na banki na wata shida, ya sauke kwantiraginsa daga Qiwa. Tsarin kare albashi, wanda aka fara a 2013 kuma yanzu ke tafiya ta manhajar Mudad, yana nuna wa hukuma kamfanin da bai biya ba. Wasu kamfanoni suna zagaye shi: su zuba kuɗin a asusu, su karɓi katin ATM su cire, ko su ce a dawo da rabi hannu da hannu. In ana muku haka, a idon hukuma an biya ku, don haka kowa ya riƙe katinsa ya sauya lambar sirri. Kada kuma wanda ya amsa a manhaja cewa ya karɓi albashin da bai karɓa ba.

Sai ku shigar da ƙara ta shafin ma'aikatar ƙwadago, matakin da ake kira taswiya wuddiyya, wato sulhu. Kowa da sunansa da adadinsa, amma ku shigar lokaci guda. Wa'adinsa kwana 21 na aiki. In an daidaita, takardar sulhun ana iya kai ta kotun zartarwa. In ba a daidaita ba, a tura ku kotun ƙwadago, waɗanda suka fara aiki a 2018. Ku ci gaba da zuwa aiki kuna buga basma a duk tsawon wannan lokaci.

Akwai ƙofa ta biyu. Tun gyaran da ya fara aiki a 14 ga Maris 2021, ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani kamfani ba da yardar kafili, wato mai gidan da ya ɗauki nauyinsa, ba idan aka yi wata uku a jere ba a biya shi ba, ko igamarsa ta ƙare ba a sabunta ba. Sabon kamfani ne ke turo tayi ta Qiwa, kai ka amsa. Komawar ba ta goge bashinka, amma ƙara ba ta karɓuwa bayan wata 12 da rabuwa. In har mudir ya buga muku hurub, kada ku ɓuya: akwai kwana 60 da ake ba mutum ya daidaita matsayinsa, kuma lambar ƙarar da kuka riga kuka shigar ita ce za ta nuna ƙeta ce. Kowa ya riƙa duba Absher, manhajar hukuma ta igama, da Qiwa duk bayan kwana biyu. Fasfo kuwa riƙe shi laifi ne a kan kamfani, ku sa shi cikin ƙorafin.

A wajen lissafi kada ku tsaya kan wata uku. Ku haɗa izafi, da kuɗin hutun da ba a ci ba (kwana 21 a shekara, 30 bayan shekara biyar), da kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. Kuɗin igama da izinin aiki da tikitin komawa gida duk a kan kamfani suke, sashe na 40 ke nan. Za a iya kiran ku ɗaya bayan ɗaya a miƙo albashin wata guda tare da wata takarda da Larabci mai suna mukalasa. Ma'anarta ka karɓi duk haƙƙinka, ba ka bin kamfani komai. In ba ka jin Larabci, ɗauki hotonta ka kai wa wanda zai karanta maka. In za ka karɓi wata gudan, rubuta da hannunka a kan rasit cewa albashin wata kaza ne kawai, ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafi.